Motar da Ta Juya a Gindin Ɗorawa

Da hantsin Laraba, kwana ɗaya da binne Hamsatu, mijinta Sajo ya taka har Gidan Jiniya da ke cikin garin Mubi don ya ji abin da ya hana motar asibiti zuwa. Aka buɗe babban littafi aka karanta masa: mota ta isa Wuro Dundehi ƙarfe biyu da rabi na rana, direba bai tarar da kowa ba, kiran ƙarya ne.

Kiran ƙarya! Ƙauye guda ya tsaya a ƙofar gidan Sajo tun azahar har la'asar ta kawo jiki, kowa idonsa a kan hanya, a ɗaki kuma yarinya tana zubar da jini bayan haihuwa. Akwai ƙarya mai kunya, wadda ake yi ana sunkuyar da kai. Wannan kuwa da biro aka zana ta, har aka ja mata layi a ƙasa.

Gidan Jiniya suna ne da mutanen gari suka laƙaba wa ofishin da wata ƙungiyar agaji ta buɗe bayan an kori 'yan Boko Haram daga Mubi, lokacin da jama'a suka dawo suka tarar da komai a wargaje. Motoci biyu gare su da lambar waya ɗaya. In ka kira, a yi maka tambayoyi, a turo mota. Sajo ya kira biyu saura minti goma ranar Talata, muryar mace ta ce masa, "Kada ku motsa ta, kada ku ɗora ta a babur, mota tana hanya." A kan wannan maganar aka sallami maƙwabcin da ya riga ya tayar da babur ɗinsa. Suka bi doka suka jira, Hamsatu ta cika ta bar jaririya.

Kafin Sajo ya koma gida labari ya riga shi. A shekarar nan ta 2015 zargi ya fi gishiri araha a Mubi, domin kowa ya dawo daga gudun hijira da sunan wanda yake tuhuma a baki. Direban motar Ezekiya ne, mutumin Muchalla, kuma tun yammacin Talata ba wanda ya sake ganin ƙeyarsa. Wasu suka ce don Musulma ce ya ƙi zuwa. Wasu suka ce ya ratse ɗauko buhunan masarar wani da motar. Samari suka rantse cewa da an shafa fatihar sadakar uku ranar Juma'a za su nemo shi, in ba su same shi ba, ai gidan ubansa bai yi ƙafa ba.

Duk wannan surutun ana yin sa Gabdo yana zaune a gefen tabarma. Shi ne uban Hamsatu, maharbi mutumin Digil, wanda ya shekara arba'in yana bin sawun shanun sata tun daga Digil har kan iyakar Kamaru. Hamsatu 'yarsa ce ta fari, saboda haka bisa kunyar Fulani bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Ko a maƙabarta bai yi hawaye ba. Mutane suka yaba dauriyarsa, ba su san cewa tsohon yana tafasa ne a ciki ba, kuma ya fi duk samarin nan son ganin jini.

Ya miƙe ya dogara sandarsa. "Ba wanda zai taɓa kowa," in ji shi. "Jinin nan nawa ne. Ku ba ni zuwa Juma'a. Wanda ya yi, ni zan nuna muku shi, ni kuma zan fara."

*

An yi ruwa daren Litinin, tun daga nan ba a sake ba, don haka ƙasa ta riƙe duk abin da aka rubuta mata. Gabdo ya fara daga inda hanyar Wuro Dundehi ta rabu da kwalta. Baburan 'yan gaisuwa sun tattake tsakiyar hanya, amma mota faɗi gare ta, tayoyinta sun bar shaida a gefe. Tayar baya ta hagu zanenta daban ne da na sauran ukun. Wannan kaɗai ya ishe shi, ko a cikin motoci ɗari ba zai ɓatar da ita ba.

Motar ta shigo a guje. Ta yanke kwanoni, ta watsa taɓo har kan ganyen dawa, ta faɗa mayo, wato rafi, ta fito ba tare da ta rage gudu ba. Gabdo ya ja tsaki. Ya zo neman sawun mugu ne, sai ga ƙasa tana nuna masa mutum mai sauri.

A gindin wata ɗorawa tayoyin suka ja ƙasa, birki na gaggawa. Motar ta daɗe a nan, domin baƙin mai ya ɗiɗɗiga ya taru wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu. Mutum ɗaya ne ya sauko, mai cinye dunduniyar takalmin dama. Ya taka zuwa wani suri ya hau, ya sauko, ya koma mota, ya sake dawowa ya hau. Gabdo ma ya hau surin. Daga nan ya hango rufin kwanon gidan Sajo yana ƙyalli, tafiyar da mai ƙafa zai yi kafin tukunyar shayi ta tafasa sau biyu. Sai da ya dafa sandarsa da hannu biyu kafin ya iya saukowa.

Sawun komawa kuwa ya ba shi haushi fiye da komai. Motar ta juya a natse, ta koma tana jan jiki, tana kauce wa kowane rami. Wanda tsoro ya kora yakan koma da gudun da ya fi na zuwansa. Wannan ya koma ne kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

A gonar da ke gefe wata dattijuwa, Salome, tana tuge gyaɗa. Suka gaisa, ta yi masa ta'aziyya.

"Motan ya tsaya a nan, Baba, na gani da idona," ta ce da Hausarta ta 'yan dutse. "Direban yana ihu a cikin wannan abin magana na mota. Yana cewa, ga gidajen can ina gani, ku bar ni na shiga. Abin yana amsa masa, ƙrrr, ƙrrr."

"Muryar wa ke amsawa? Mace ko namiji?"

"Kai, Baba, wannan kam ban sani ba. Ni na yi nisa."

Gabdo ya yi mata godiya. Ya baro gida da mutum ɗaya a zuciyarsa, ga shi zai koma da sanin cewa akwai wani a bayan muryar nan.

*

Da safiyar Alhamis ya shiga Gidan Jiniya. Tsakar gida fes, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, motoci biyu farare suna tsaye kafaɗa da kafaɗa, an rubuta musu lamba ɗaya da lamba biyu. A ɗakin amsa kira ya tarar da wata budurwa, Dokas, zaune gaban wayoyi da oba-obar magana da direbobi, idanunta sun kumbura. Da ta ji ko shi wane ne ta miƙe tsaye.

"Ni na ɗauki kiran, Baba."

"Gaya mini yadda kuke yi. Ni jahili ne, ki bi da ni a hankali."

Ta jawo wani kati da aka liƙe da leda. Tambayoyi ne a jere, ba a tsallake ko ɗaya: ina ne, me ya faru, yana numfashi, akwai jini. Daga amsar ake ba kira launi. Kore ya jira, rawaya a hanzarta, ja kuwa mota ta bar ƙofa cikin minti uku.

"Nata wane launi kika ba shi?"

"Ja. Minti biyu mota ta fita."

"Mutum nawa ke shiga mota?"

"Biyu. Direba da nas."

"Ɗaya ne ya sauka a gindin ɗorawa."

"Ranar muna da baƙi daga Yola, masu duba aiki. Aka ce nas ta tsaya."

"In kin ba kira ja, sai me kuma?"

"Ba na tashi daga kujerar nan sai mota ta dawo da mara lafiya. Haka dokar take."

"Kin tashi?"

Sai ta dubi ƙofa. Gabdo ya jawo babban littafin ya juya shi gabanta. Ba ya karatun boko, amma wanda ya iya bambanta kofaton saniya da na 'yar uwarta ba zai kasa gane hannu ba. Rubutun layin Talata da na sauran layukan duk hannu ɗaya ne. Ya tambaye ta ko ita ta rubuta, ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. To, biri ya yi kama da mutum. Gabdo ya ji hannunsa ya matse sanda, ya ce a ransa ashe macijin ƙarami ne.

"Baba Gabdo! Sannu da zuwa, sannu da haƙuri."

Wani mutum ne ya shigo, dogo, cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Malam Habib ke nan, jami'in kula da ingancin aiki, wanda duk mako yake bin littafi layi-layi yana ba kowa maki. Ya ja tsohon zuwa ofishinsa, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya nuna masa wata babbar takarda a bango mai cike da korayen ɗigo. Wata bakwai a jere, in ji shi, ba su taɓa saɓa ƙa'ida ba, baƙin Yola ma da suka yi musu gwaji ranar Talata sai da suka tafa. Mutumin yana magana kamar mai tallan maganin basir, ga daɗin baki, ga rashin numfashi.

"Ezekiya yaron kirki ne, amma ka san tsoro," ya ce yana girgiza kai. "An taɓa yaudarar wani direba da kiran ƙarya aka kashe shi a daji. Ina jin abin ya faɗo masa, ya juyo, ya zo ya ce bai ga kowa ba. Yarinyar nan kuma ta rubuta abin da aka gaya mata."

"An ce da oba-oba aka dawo da shi."

Habib ya yi murmushi. "Haba Baba, don me? Ga mota ta biyu a tsaye a shirye. Ko ran Litinin ta je Sahuda ta dawo, yana nan a littafi. Me za mu yi da tasa?"

Gabdo ya ce haka ne, ya bar ruwan bai sha ba. A tsakar gida sandarsa ta suɓuce ta faɗi bayan mota ta biyu, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun yana saurayi. Ya durƙusa ɗauka, ya daɗe bai miƙe ba. Ciyawa ta tsiro ta zagaye tayoyin, an bi ta da almakashi an daidaita. Sannan ga wata zanzaro ta taso da 'yar laka a baki, ta shige cikin salansar motar kamar mai shiga ɗakinta.

*

Neman Ezekiya bai ba shi wuya ba. Ya hau babur zuwa Muchalla, ya zagaya bayan gidan uban, ya ga dunduniyar daman nan da ta cinye ta bi hanyar gona, a kanta kuma sawun mace mai zuwa da komowa, wato mai kai abinci. Kafin la'asar ya tsaya a bakin wata bukkar tsaron masara.

Ezekiya na ganinsa ya zube a ƙasa. "Baba, in kashe ni ka zo yi, ka bari in faɗi magana ɗaya."

"Faɗi goma. Wa ya dawo da kai?"

"Oga Habib. Ya ce sojoji sun kira, tarko ne, 'yan daji suna jirana a bakin garin. Na hau suri na duba, ban ga komai ba sai mata da yara a ƙofar gida. Na roƙe shi. Ya ce in na ƙara taku ɗaya, ko na tsira, aikina ya ƙare, kuma jinin duk wanda aka kashe yana wuyana."

"Da ka koma fa?"

"Ina shiga aka hau wanke motar. Uku daidai aka kaɗa ƙararrawar gwaji, na fita ƙofa a gaban baƙi, suna riƙe da agogo. Sai da yamma na ji ana cewa matar ta rasu, na ji kuma abin da aka rubuta da sunana. Wa zai yarda da ni, Baba? Shi yana da littafi."

"Yaushe rabon mota ta biyu da tashi?"

Ezekiya ya buɗe baki. "Wa ya gaya maka? Sati biyar ke nan injinta ya buga. Oga ya ce in Yola suka ji, za a rufe wurin, kowa ya rasa abinci. Kullum muna wanke ta, muna ƙara mata iska."

Gabdo bai ji tausayinsa ba, kada a yi masa ƙarya. Mutumin nan ya hango mata a ƙofar gida da idonsa, amma hannunsa ya murɗa sitiyari.

"Kai ma kana da naka kason," ya ce. "Amma ba kai nake nema ba. Gobe bayan an sauko daga masallaci ka zo Gidan Jiniya. In ka gudu, ka san ni ne zan biyo ka."

*

Ranar Juma'a tsakar gidan ta cika har waje. Jauron Wuro Dundehi, wato mai garin, ya zo, ga Sajo, ga samarin ƙauye da sanduna, ga 'yan sanda biyu da suka fi kowa fatan a watse lafiya. Madam Dorathy, shugabar masu duba aiki, ta dawo daga Yola saboda ƙarar da Jauro ya kai. Da aka shigo da Ezekiya sai wuri ya ɗauki gurnani, Gabdo ya ɗaga sanda, aka yi tsit.

"Mutum uku ne," ya ce. "Wannan ya tuƙa, wannan ta rubuta, wannan kuma shi ne mai duba su. Direba ya ce an dawo da shi. Malam Habib ya ce ba dalilin da zai sa a dawo da shi, tunda akwai mota ta biyu. Haka ne, Malam?"

"Haka ne, Baba."

"Madam, da kuka yi gwajinku ran Talata, wace mota ce ta fita?"

Matar ta yi ɗan tunani. "Lamba ɗaya. Na tuna ruwa yana ɗiga daga jikinta."

"To yau a kaɗa mana ƙararrawa, lamba biyu ta fita. Minti uku ne, ko ba haka ba? Mu ma mu tafa."

Habib ya gyara hula. Ya ce makullin yana wurin makaniki, domin jiya da yamma ta ɗan soma tari, abin da ba ya wuce gyaran awa guda. Gabdo ya tambaye shi ko ya tabbata ta je Sahuda ran Litinin, ya ce littafi ba ya ƙarya. Sai tsohon ya zagaya bayan motar, ya kira Jauro da Madam su matso, ya zura 'yar wuƙarsa cikin salansa a hankali, ya zaro wani curin busasshiyar laka ya ɗora a tafin hannunsa.

"Gidan zanzaro ne, kowa ya san shi. Ku ƙirga ɗakunan, bakwai ne, shida a rufe. Zanzaro ba ta gama ɗaki ta cika shi ta rufe a yini ɗaya." Ya fasa na farko da farce, ya nuna musu abin da ke ciki. "Wannan ɗan har ya yi fiffike, saura kaɗan ya fita. Da an tayar da motar nan sau ɗaya cikin wata guda, da zafi ya dafa shi, hayaƙi ya tofar da gidan. Malam, littafinka ya ce ta je Sahuda ran Litinin. Zanzaro ta ce ƙarya kake yi, ita kuwa ba a ba ta maki."

Wani ya yi dariya, dariyar ta mutu nan take, domin kowa ya gane inda maganar ta dosa. Mota ɗaya ce mai rai a gidan. Baƙi za su kaɗa ƙararrawa ƙarfe uku, motar kuma tana hanyar Wuro Dundehi.

Dokas ce ta fashe da kuka. "Shi ne ya tashe ni daga kujera!" ta ce. "Ya ce in je in jera wa baƙi lemo. Da na dawo na ji yana cewa Ezekiya ya juyo. Na ce Oga, ja ne fa, jini ne. Ya ce bayan gwaji za a koma, rabin awa ba ya kashe mutum. Ya karɓi wayar ya jefa a durowa ya kulle. Ina tsaye ana tafi, ina jin ta tana ruri a ciki. Bayan baƙi sun tafi na duba, sau shida mijinta ya kira. Sau shida! Da labarin rasuwar ya zo, ya tsaya a kaina ya ce in rubuta kiran ƙarya."

Sajo ya yi wata ƙara ya zabura, samari suka biyo bayansa, 'yan sandan nan suka fara neman inda za su raɓe. Gabdo ya gitta sandarsa a gabansu.

"Na ce nawa ne."

Habib ya riga ya durƙusa, shaddar nan tana sharar ƙasa. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. "Baba, wallahi ban yi nufin ta mutu ba. Da mun faɗi gwajin da an rufe wurin nan, mutum nawa za su mutu bayan haka? Don jama'a na yi. Ka yafe mini don Allah."

Gabdo ya sunkuya har yana jin ƙamshin turaren. Zuciyarsa tana ce masa ya ɗaga sanda sau ɗaya a gama. Amma ya ga cewa in ya yi haka, mutumin zai huta kafin magariba.

"Sunanta Hamsatu," ya ce, muryarsa ta karye a kan sunan, waɗanda suka san shi suka sunkuyar da kai. "An ce mata ta jira, ta jira. Ban yafe ba, ba zan yafe ba, Allah ya isa tsakanina da kai. Ba zan taɓa ka ba, ba kuma wanda zai taɓa ka. Ka tashi ka tafi duk inda kake so, ƙasa kake takawa."

*

'Yan sanda suka tafi da Habib, bayan kwana tara aka ba da belinsa, maganar ta shiga inda irin waɗannan maganganu suke shiga. Ƙungiya ta kore shi, ta gyara mota ta biyu, aka kafa doka cewa kiran ja ba mai soke shi sai an ji daga bakin wanda ya kira. Ezekiya ya ajiye tuƙi ya koma noma. Samari suka ce tsoho ya yi sanyi, ya bar mugu ya sha.

Habib ya sami aiki a wani asibitin kuɗi a Gombi. Bai cika wata biyu ba, wata safiya ya leƙo ta taga ya ga tsoho zaune a kan benci tare da marasa lafiya, gidan zanzaro a ƙulle cikin tsumma, yana ba su labari dalla-dalla, mai asibitin yana tsaye yana saurare. Aikin ya ƙare, Habib ya koma Yola ya nemi auren 'yar wani ɗan kasuwa. Ranar da aka sa za a kai gaisuwa, waliyyin yarinyar ya yi baƙo daga Digil tun da sassafe, aka fasa auren.

Da bazara ta kama, Habib ya aske gemu, ya sauya suna, ya buɗe 'yar rumfar sayar da magani a wata kasuwar ƙauye can bayan Ganye, inda ya tabbata ko aljani bai san shi ba. Ran kasuwa da hantsi yana miƙa wa wata mata ƙwayoyi, inuwa ta rufe masa tebur. Ya ɗago. Kwalbar da ke hannunsa ta faɗi ta fashe.

"Baba," ya ce, yana kuka kamar yaro, "don girman Allah ka kashe ni ka huta, ni ma in huta. Har yaushe?"

Gabdo ya jawo benci ya zauna, ya fara kwance ƙullin tsumman a natse, mutane suna taruwa.

"Sau shida Sajo ya kira," ya ce. "Wannan zuwana na uku ke nan."